Yadda Cinderella da Goldilocks Suka Bar Tatsuniya Suka Shiga Jaridu

A shekarar 2016, da ƙungiyar Leicester City ta lashe gasar Firimiyar Ingila, jaridun Turanci sun yi ta kiran nasarar labarin Cinderella. Shekara guda kafin nan da ƙyar ƙungiyar ta tsira daga faɗawa rukuni na biyu. Wanda bai san tatsuniyar ba sai ya ɗauka wata 'yar kallo ake nufi.

Cinderella marainiya ce da kishiyar uwa ta mayar baiwa, tana shara da wanke-wanke, tana kwana a gindin murhu cikin toka, abin da ya jawo mata sunan ke nan. Bafaranshe Charles Perrault ya wallafa labarin a 1697, har da takalmin gilashin da ya sa ɗan sarki ya gano ta ya aure ta. Masu sharhin wasanni, musamman a Amurka, ƙarshen labarin suka riƙe: wanda aka raina ya ba maraɗa kunya. A Birtaniya kuwa sau da yawa farkonsa ake nufi. Idan aka kira sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa Cinderella, kuka ake yi cewa an bar shi a baya wajen rabon kuɗi da ma'aikata. Don haka dole mai karatu ya duba jimlar tukuna: yabo ne ko koke?

Goldilocks ita kuma yarinyar nan ce da ta kutsa gidan beyar guda uku ta tarar da kwanukan kunu. Na farko ya yi zafi, na biyu ya huce, na uku ya yi daidai, ta shanye. A bugun Robert Southey na 1837 tsohuwa ce, daga baya aka mai da ita yarinya.

Masana sararin samaniya sun laƙaba sunanta ga tazarar da ke tsakanin tauraro da duniyar da ruwa zai iya zama a kanta, bai ƙafe ba, bai daskare ba. Zafin doron Venus ya haura digiri 450, Mars kuma sanyi ya yi mata yawa, tamu duniyar ce ta faɗo a tsakani. Masana tattalin arziki ma sun ara: ƙasar da arzikinta ke bunƙasa ba tare da farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo ba, sai su ce tana cikin yanayin Goldilocks.