Ɗa'ifa: Yadda ake shirya ziyarar kwana biyu daga Makka

A duk lokacin da zafi ya tsananta a Makka da Jidda, mazauna biranen biyu kan haura kan duwatsu zuwa Ɗa'ifa domin hutun ƙarshen mako, wanda tun shekarar 2013 ya koma ranakun Juma'a da Asabar a Saudiyya.

Birnin dai yana kan tsaunukan Sarawat ne, a tudun da ya kai kimanin mita 1,800, alhali Makka ba ta kai mita 300 ba. Wannan ne ya sa iskarsa ta bambanta, har ya zama wurin da sarakunan ƙasar suka riƙa komawa da aikin gwamnati lokacin bazara a shekarun baya. A nan ne Sarki Abdul'aziz ya rasu a shekarar 1953.

Ga masu zuwa Umra daga Najeriya da Nijar, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne irin bizar da ke hannu. A da, bizar Umra ba ta wuce Makka da Madina da Jidda, amma daga baya hukumomin Saudiyya suka ba masu ita damar zuwa sauran sassan ƙasar. To sai dai bizar aikin Hajji ba ta samu wannan sassauci ba. Kazalika idan lokacin Hajji ya ƙarato akan hana shiga Makka sai da takardar izini, don haka wanda ya fita zuwa Ɗa'ifa ba tare da ita ba, yana iya samun kansa a bakin shingen jami'an tsaro, kayansa kuwa suna masauki a Makka.

Hanyoyi biyu ne ke kai mutum Ɗa'ifa, kuma jirgin ƙasa ba ya zuwa can.

Ta farko ita ce ta Al-Hada, mai nisan kimanin kilomita 90, wadda ke lanƙwashe-lanƙwashe a jikin dutse. Ta fi gajarta, ta kuma fi ban sha'awa, amma akan rufe ta idan hazo ya yi yawa ko ruwan sama ya gangaro da duwatsu. Akwai birai da yawa a gefenta, waɗanda suka saba da karɓar abinci daga matafiya, kuma ba su da kunyar fizge abin da ba a ba su ba. Ta biyun ita ce ta As-Sail, wadda ta fi tsawo amma ba ta da hawa mai tsanani, kuma ita manyan motoci suka fi bi.

Zaɓen hanya yana da nasaba da ibada. A kan hanyar As-Sail ne miƙatin Ƙarnul Manazil yake, yayin da masu saukowa ta Al-Hada ke ɗaura harami a Wadi Muhrim. Duk wanda ya yi niyyar yin Umra a dawowarsa, dole ya tafi da haraminsa, domin wuce miƙati ba tare da shi ba yana jawo komawa baya ko kuma yanka. Game da wanda zai koma Makka ba da niyyar Umra ba kuwa, malamai sun saɓa, saboda haka ya fi kyau a yi tambaya tun kafin a tashi.

Kwana biyu ba za su isa a ga komai ba, kuma safiyar Juma'a yawancin shaguna a rufe suke. Abin da ya fi dacewa shi ne a tashi da sassafe, a yi sallar Juma'a a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, sahabin da ya ƙare rayuwarsa a Ɗa'ifa aka kuma binne shi a can, sannan bayan la'asar a shiga tsohuwar kasuwa da ke kusa, inda ake sayar da zuma da rumman da inabi.

Abin da ya fi jan hankalin baƙi Musulmi shi ne unguwar Al-Masna. Littattafan tarihi sun kawo cewa wajen shekarar 619 Annabi Muhammadu (SAW) ya je Ɗa'ifa neman goyon bayan ƙabilar Saƙif, suka ƙi shi, suka sa aka jefe shi, har ya fake a wata gona inda wani bawa Kirista mutumin Nainawa mai suna Addas ya kawo masa inabi. Akwai ƙaramin masallaci da ake kira da sunan Addas a yankin. Sai dai gine-ginen da direbobi ke nuna wa baƙi an yi su ne ƙarnuka bayan faruwar lamarin, kuma ba duk abin da mai neman kuɗin mota ya faɗa ne tarihi ba.

Ranar Asabar ta fi dacewa da gonakin wardi na Al-Hada da Ash-Shafa. Furen yana buɗewa ne na 'yan makonni kawai, galibi a watan Afrilu, kuma da asuba ake tsinkarsa kafin rana ta kwashe ƙanshin. Sai an dafa dubban furanni kafin a samu ƙaramar kwalbar turare guda, abin da ya sa yake da tsada. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Wanda ya je a wani watan zai tarar da ganye ne kawai, da ruwan wardi a kwalabe.

Mai sha'awar siyasa kuma zai tuna cewa a wannan birni aka ƙulla yarjejeniyar 1989 da ta share fagen kawo ƙarshen yaƙin basasar Lebanon, kuma nan gwamnatin Kuwait ta yi gudun hijira bayan mamayar Iraƙi a 1990.

Masaukai kan cika, farashinsu kuma ya tashi, a hutun makarantu na bazara. A lokacin sanyi kuwa sukan yi araha, amma dare a kan tsaunin yana buƙatar rigar sanyi, abin da mafi yawan masu zuwa Umra ba sa sawa a jakarsu.