Takardar Tabarau ta Yaro: Ma'anar Lambobinta da Matsalar Bayyana Su da Hausa a Rano da Kibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin abin da ke rubuce a takardar da ake bai wa iyaye bayan an auna idon yaro domin a yanka masa tabarau. An ɗauki ƙananan hukumomin Rano da Kibiya a matsayin farfajiyar tattaunawa. Maƙalar ta nuna cewa fassarar kalma da kalma tana juya ma'anar wasu muhimman sassan takardar, sannan ta ba da shawarar lafuzzan da suka fi dacewa da tunanin Bahaushe.

1.0 Gabatarwa

Rano na ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, kuma tun shekarar 2024 ita ce mazaunin masarauta mai daraja ta biyu wadda ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. Hausa ce harshen gida da kasuwa a wannan yanki. Idan idon yaro ya buƙaci awo mai zurfi, iyaye kan nufi birnin Kano, inda ake da Asibitin Ido na ECWA da aka kafa a 1943, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala. Daga can sukan dawo da 'yar takarda mai haruffan Ingilishi da Latin. Wanda zai warware musu ita a gida galibi malamin makaranta ne, ko mai kemis, ko wani ɗan'uwa da ya yi boko. A bakin wannan tafinta ne ake yanke hukuncin ko yaro zai sa tabarau ko za a jefa shi a ƙasan akwati.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, kuma rashin tabarau da ya dace na daga cikin manyan dalilan hakan.

2.0 Giɓin da ke cikin Kalmomin Ido

Hausa ba ta rasa sunayen cututtukan ido ba. Akwai yanar ido da hakiya da hazbiya da dundumi da apolo da harara-garke. Kusan dukkansu sunaye ne na abin da ake iya gani a jikin idon, ko na larurar da ke bayyana a fili. Matsalar da tabarau ke gyarawa kuwa ba ta da alama a zahiri: ido fari tas, ba kwantsa, ba ja, amma haske ba ya taruwa daidai a kan tantanin bayan ido. Abin da mai ita ke iya cewa kawai shi ne yana gani dishi-dishi. Yaro ƙarami ma ba ya faɗin haka, domin bai taɓa sanin wani gani da ya fi nasa ba.

3.0 Sassan Takardar

Ga misalin da aka tsara domin bayani kawai:

RE: SPH −2.00, CYL −0.75, AXIS 180
LE: SPH −0.50
PD: 54

3.1 Dama da Hagu

RE na nufin idon dama, LE kuma idon hagu. Wasu takardun kan yi amfani da haruffan Latin: OD ga dama, OS ga hagu. Ya kamata a lura cewa a Nijeriya masu digirin awon ido su ma kan rubuta OD a bayan sunansu, don haka wanda ke jikin hatimi dabam yake da wanda ke cikin jadawali.

3.2 Ƙarfin Gilashi

Lambar da ke ƙarƙashin SPH ita ce ƙarfin gilashi, kuma ma'auninta shi ne dayofta, wanda likitan ido ɗan Faransa Ferdinand Monoyer ya gabatar a 1872. Gilashi mai dayofta 1 yana tara haske a nisan mita 1, mai dayofta 2 kuma a rabin mita. Ana rubuta lambar da tazarar 0.25.

Alamar ɗebewa na nuna cewa yaro yana ganin kusa, na nesa ne ke ɓace masa, galibi saboda ƙwayar idonsa ta ɗan yi tsawo. Gilashinsa siriri ne a tsakiya, mai kauri a gefe. Idon da ke da −2.00 yana gani tangaran zuwa kimanin santimita 50, abin da ya wuce nan kuma sai ya fara dushewa. A nan ne kalmar allo ke ɓoye matsalar. Yaron da ke karanta allonsa na hannu a makarantar allo ba tare da wahala ba, shi ne dai wanda ba ya ganin rubutun allon bango daga bayan aji a firamare. Uba na da hujjar cewa ɗansa na ganin allo, malamin aji ma na da hujjar cewa ba ya gani, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa.

Alamar tarawa na nuna akasin haka: ƙwayar ido ta ɗan gajarta, kuma gilashin na da kauri a tsakiya. Idon yaro na da ƙarfin yunƙurawa ya rufe wannan giɓi, sai dai yunƙurin kan jawo ciwon kai da gajiya wajen karatu, wani lokaci ma ya sa ido ɗaya ya karkata wajen hanci. Saboda haka ne ake ɗiga wa yara magani irin su atirofin kafin awo, domin a sassauta jijiyar da ke wannan yunƙuri. Ganin yaro kan dushe na ɗan lokaci bayan ɗigon, kuma wannan ba lahani ba ne.

3.3 CYL da AXIS

Gaban ido lafiyayye yana da lanƙwasa iri ɗaya ta kowace fuska, kamar bayan ƙwarya. A wasu yaran kuwa ya fi lanƙwasa ta fuska ɗaya, kamar bayan cokali. CYL ita ce ƙarin ƙarfin da ke gyara wannan bambanci, AXIS kuma ita ce fuskar da za a ɗora gyaran, daga digiri 1 zuwa 180. Lambar 180 ba ta nufin tsanani. Tana nufin a kwance, kamar yadda 90 ke nufin a tsaye.

3.4 PD da Awon Gani

PD ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar idanu biyu da milimita, kuma da ita ake daidaita tsakiyar gilashi da ido. Wani lokaci a kan ga lamba irin 6/18. Wannan ta samo asali ne daga allon haruffan da Herman Snellen na ƙasar Holan ya ƙirƙiro a 1862, kuma ma'anarta ita ce yaro na karantawa daga mita 6 abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 18. Yaron da bai san haruffan boko ba a kan nuna masa harafin E mai juyawa, ya nuna da yatsu inda ƙafafunsa suka fuskanta.

4.0 Inda Fassara ke Tuntuɓe

Na farko, a Ingilishi ana kiran larurar mai alamar ɗebewa da lafazin da ke nufin gajeren gani, mai alamar tarawa kuma dogon gani. Idan aka mayar da su "rashin hangen nesa" da "hangen nesa", an shiga fagen ɗabi'a, domin a Hausa hangen nesa hikima ce, rashinsa kuma wauta. Uba ɗaya zai ji an zagi ɗansa, ɗayan kuma ya ji an yaba nasa. Ya fi dacewa a ce "dushewar ganin nesa" da "wahalar ganin kusa".

Na biyu, ɗebewa da tarawa na ɗauke da ma'anar ragi da ƙari. Bai kamata a bar iyaye da zaton cewa +3.00 ya fi −1.00 alheri ba. Alamar na nuna irin gilashi ne, girman lambar kuma shi ke nuna ƙarfinsa.

Na uku, akwai larurar da Turawa ke kira ragon ido. A Hausa ragwanci hali ne da ake magancewa da faɗa, alhali abin da ke faruwa dabam ne: idan ido ɗaya ya fi ɗayan rauni sosai, ƙwaƙwalwa kan jingine hoton mai raunin ta dogara da ɗayan. Gani na gama ginuwa ne a wajen shekara 7 zuwa 8, kuma gyara bayan nan ya fi wuya. Lafazin "idon da bai koyi gani ba" ya fi isar da saƙon, domin yana nuna cewa akwai lokacin koyo, kuma lokacin yana wucewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na huɗu, a kan kira tabarau "gilashin magani". Mai shan magani na sa ran warkewa ya daina, don haka idan aka sake awo aka ga lambar ta ƙaru, sai a ɗora wa gilashin laifi. Gaskiyar ita ce ƙwayar ido na girma tare da yaro, tabarau kuma yana daidaita gani ne muddin yana fuska. Haka nan, tabarau na karatu da ake tallarsa a kasuwannin ƙauye an yi shi ne domin manya da suka haura shekara 40, ƙarfinsa ɗaya a ido biyu, ba ya maye gurbin wanda aka yanka bisa awo.

5.0 Kammalawa

Lambobin takardar ba sa buƙatar fassara, ma'anarsu ce ke buƙata, kuma wannan aiki ne na masana harshe da masana ido tare. Jami'ar Bayero na da sashen koyar da awon ido, tana kuma da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Haɗin gwiwar waɗannan ɓangarori biyu zai iya samar da daidaitattun lafuzza da taƙaitaccen bayani da Hausa, a boko da ajami, wanda za a buga a bayan kowace takarda, ta yadda uban da ya koma Rano ko Kibiya zai san abin da ya riƙo.