Gidan Limaman Jesuit na Olomouc Bai Bar Aikinsa Ba

A tsakiyar tsohon birnin Olomouc, a yankin Morabiya na Jamhuriyar Cek, akwai wani katafaren gini da mutanen garin ke kira Konvikt. Limaman Jesuit na ɗariƙar Katolika ne suka gina shi a ƙarni na 17 da farkon na 18, a salon Barok mai yawan ado da sassaƙa, don ya zama makwancin ɗaliban jami'ar da suka fara gudanarwa a 1573. Da Fafaroma Clement na 14 ya rushe ƙungiyarsu a 1773, ginin ya koma hannun hukuma, sojoji suka daɗe suna amfani da shi har ya lalace. Sai a 2002 aka sake buɗe shi bayan gagarumin gyara, ya zama Cibiyar Fasaha ta Jami'ar Palacký, inda ake koyar da kiɗa, wasan kwaikwayo, fim da tarihin zane.

A ganina wannan shawara ta yi daidai, kuma hujjarta tana cikin tarihin masu ginin. Makarantun Jesuit sun shahara a duk faɗin Turai da koyarwa ta hanyar wasan kwaikwayo: ɗalibai kan hau dandamali su yi wasa da harshen Latin, da kiɗa da waƙa, don harshensu ya kaifafa, halinsu ya gyaru. Saboda haka ɗalibin da ke gwajin wasa a can yau yana ci gaba ne da abin da aka saba yi a wannan unguwa tun fiye da shekaru 300 da suka wuce. Shekarun bariki su ne baƙon abu a tarihin gidan.

Masu ƙorafi suna cewa wurin da aka keɓe don tarbiyyar addini bai dace da bukukuwa ba, musamman ƙaramar majami'ar Corpus Christi da ke ciki, wadda Jan Kryštof Handke ya zane rufinta, yanzu kuma ake kaɗe-kaɗe a cikinta. Damuwar tana da tushe, kuma wajibi ne jami'a ta riƙa tantance abin da ake gabatarwa a ɗakin. Amma limaman da suka cika gidan a da babu su, ginin da ba kowa a ciki kuwa danshi da ɗigar rufi ne ke cinye shi, domin ba mai lura balle ya kai rahoto. Jami'a tana da kasafin kula da gini, tana da masana tarihin zane a ƙarƙashin rufin, kuma kowace shekara bikin fina-finan kimiyya na Academia Film Olomouc, wanda aka fara a 1966, yana shigo da jama'ar gari cikin farfajiyar da a zamanin sojoji ba su da ikon takawa.