Rubutun nan mai ƙayoyi da mawaƙa ke sa wa fosta, daga ina ya fito?

Duk mai bibiyar fostocin da yaran mawaƙanmu na Batsari da Safana ke ɗorawa a status ya san rubutun nan baƙi ƙirin, mai kauri da ƙayoyi kamar an sassaƙa shi da wuƙa. Shi ne dai a allon shagon aski da katin biki. Masu haɗa fosta a PixelLab suna ce masa Old English, asalin sunansa kuma Blackletter.

Ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun wajen ƙarni na 12 marubuta a Turai ke kwafar littafi da shi da hannu a kan fata. Fata na da tsada, sai suka matse haruffan don shafi ya ci rubutu da yawa. Kaurin nan kuma aikin alƙalami ne mai faɗin baki, ya yi ƙasa ya yi kauri, ya karkata ya sirance. Wanda ya taɓa fiƙe alƙalami a makarantar allo ya gane abin da nake nufi. Da irin wannan rubutu Gutenberg ya buga Baibul ɗinsa a garin Mainz wajen 1455, Jamusawa kuma ba su sake shi ba sai 1941. Har yau da shi jaridar The New York Times ke rubuta sunanta, Taylor Swift ma ta sa shi a bangon kundinta Reputation a 2017.

To ku lura, sunan jaridar kawai aka rubuta da shi, labaran ciki da rubutu mai sauƙi suke. Nan ne mutanenmu ke kwafsawa. Sai ka ga an zuba sunan waƙa, ranar fita da lambar waya duk da shi, kuma da manyan baƙaƙe zalla. Wallahi manyan baƙaƙensa in suka jeru ko wanda ya haɗa fostar sai ya ƙura ido. Balle a ƙaramar waya, bayan WhatsApp ya gama matse hoton.

Sai matsalar da ta fi damuna. Yawancin waɗannan font ɗin ba su da ƙ, ɗ, ɓ. Ka rubuta Ƙauna, ko dai akwati ya fito a wurin Ƙ, ko wani harafi baƙo ya shigo tsakiya kamar bare a gidan biki. Wasu sai su cire lanƙwasar kawai, Baƙo ya koma Bako, sunan mutum ke nan.

Shawarata, a ba shi sunan mawaƙi ko kalma ɗaya zuwa biyu, harafin farko kaɗai babba. In akwai ƙ, a rubuta k a zana mata lanƙwasa da hannu a cikin manhajar. Kafin a saki fosta a miƙa wa ƙanen gida wayar, in ya yi tuntuɓe wajen karanta sunan waƙar, a sauya.