Hauhawar Fararen Ƙwayoyin Jini: Me Takardar Gwaji ke Faɗa wa Mutanen Godogodo?

Gwajin ƙidayar jini ya zama ruwan dare a Kafanchan da kewaye. Sau da yawa manomi daga Godogodo, a ƙaramar hukumar Jama'a, yakan dawo da takarda an ce fararen ƙwayoyin jininsa sun hau, sai ya zarce kemis neman maganin taifot. Nan ake yin kuskuren.

A jikin baligi mai lafiya, fararen ƙwayoyin jini kan kai 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikrolita. Mafi yawansu masu tsaba-tsaba ne a ciki, kuma kashi uku ne. Nutrofil kan yi yawa idan ƙwayar bakteriya ta shiga jiki, kamar a ciwon huhu ko maruru. Juna biyu da sikila ma kan ɗaga shi. Basofil, idan ya yi yawa tare da kumburin saifa, yana iya nuna sankarar jini. Shi kuwa taifot ɗin da ake ɗora wa laifi, galibi ba ya ɗaga adadin, yakan ma rage shi.

Kashin da ya fi shafar wannan yanki shi ne na uku, iyosinofil, wanda ake cewa ya hau idan ya wuce 500, kuma tsutsotsi kan ɗaga shi. Kudancin Kaduna ƙasa ce mai ruwa da rafuka. Mai noman fadama ba takalmi yana ɗaukar tsutsar da ke huda fata. Yaron da ke wanka inda dodon koɗi yake yana kamuwa da tsargiya. Baƙin ƙudan kogi kuma ya daɗe yana yaɗa cutar makanta, wadda aka yaƙa da maganin Mectizan da kamfanin Merck ke bayarwa kyauta tun 1987.

Illar rashin tantancewa biyu ce. Maganin bakteriya ba ya kashe tsutsa, don haka kuɗi ya tafi, ƙwayoyin cuta kuma su koyi bijire wa magani. Sannan tsutsar na nan tana rage jini, kuma iyosinofil da ya daɗe sama da 1,500 yana iya lahanta zuciya da huhu.

Saboda haka duk wanda aka ce ƙwayoyinsa sun hau, ya tambayi likita wane kashi ne. Idan iyosinofil ne, a gwada fitsari da bayan gida kafin a sayi ko ƙwaya ɗaya.