Agogon Awon Gudu da Majalisar Masu Tara Shi

Kalmar "agogo" aro ce daga Yarbanci, inda take nufin ƙararrawa. Kafin zuwansa, manomi ko masunci a fadamar kogin Haɗeja da rana da salloli yake raba yininsa: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru. Da agogon hannu ya yawaita, musamman ta hanyar alhazai masu kawo shi tsaraba, sai ya zama har da ado da nuna wadata.

Daga cikin agogunan alfarma akwai wanda ake kira kuronogiraf, wato "marubucin lokaci" da Girkanci. Ban da hannayen da ke nuna awa da minti, yana da wani hannu na dabam da madannai biyu a gefe. Ɗaya yana tayar da hannun ya kuma tsayar da shi, ɗayan yana mayar da shi mafari. Ta haka ake auna tsawon lokacin da wani abu ya ɗauka. A shekarar 1821 Nicolas Rieussec ya gwada irinsa a filin sukuwa na birnin Faris, yana ɗiga tawada a fuskar agogon duk sa'ad da doki ya iso. A 1969 Buzz Aldrin ya taka duniyar wata da Omega Speedmaster a hannunsa.

Abin lura shi ne, tun daga 1969 da kamfanin Seiko ya fito da agogon hannu mai batir, mai araha ya zo ya fi mai tsada kiyaye lokaci. Duk da haka, a 2017 an yi gwanjon Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman a kan dala miliyan 17.8. Ashe asali da tarihi ake saye, su ne kuwa 'yan jabu suka fi kwaikwayo.

Wannan ne ya sa masu tara agogo ba sa dogara da hoto. Sukan haɗu ido da ido, a ƙananan majalisu ko a manyan taruka irin na Janiba da na Dubai, wanda aka soma a 2015. Can ake jin nauyin agogo a tafin hannu, a buɗe bayansa a duba injin da madubin ƙara girma, a gwada lambarsa da ta takardunsa, a kuma ji ta bakin waɗanda suka daɗe a harkar.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mai sayen dabba a kasuwar Maigatari ba ya biya sai ya duba haƙori da ƙafa, ga dillali ga shaidu, domin gani ya kori ji. Wanda ya aika kuɗi don hoton da ya gani a waya, in jabu ya iso masa, ba shi da dillalin da zai riƙe, ba shi da shaidar da zai kai gaban alƙali.