Shawarar Jarirai: 'Ya Mace Ma Ba Ta Tsira Ba

Uwargida, wataƙila kin taɓa jin ana cewa ƙarancin sinadarin G6PD, wanda kan jawo wa jarirai shawara mai tsanani, ciwon maza ne. Gaskiya ya fi yawa ga maza, amma kada ki saki jiki don mace kika haifa.

Ƙwayoyin halittar jikinmu suna ɗauke da kuromosom 46, wato ƙunshe-ƙunshen da bayanan gado suke ciki. Namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Mace kuwa X biyu gare ta, na uwa da na uba. Umarnin yin G6PD a kan X yake, shi ya sa idan na namiji ya samu tangarɗa ba shi da madadi.

To mace fa, mai biyu? Tun farkon shigar ciki, kowace ƙwayar halittarta takan rufe X ɗaya, ta yi aiki da ɗayan. Wata masaniya 'yar Ingila, Mary Lyon, ita ta bayyana haka a 1961. Wani sinadari mai suna XIST ne yake lulluɓe X ɗin, sai ya naɗe kamar tabarma, akasarin umarnin da ke cikinsa ba ya karantuwa. A jikinsa akwai wuraren da rubutun gado yake maimaita kansa sau da yawa. Ɗaya daga ciki, DXZ4, shi ne kamar igiyar da ta ɗaure tabarmar ta raba ta gida biyu.

Abin lura shi ne, ƙwayar ba ta duba mai lafiya kafin ta rufe. Idan yarinya ta gaji X mai tangarɗa, kuma aka yi rashin sa'a mai lafiyar ne ya rufe a yawancin ƙwayoyin da ke yin jininta, to jinin nata zai iya farfashewa kamar na namiji.

Saboda haka, namiji ne ko mace, kada ki sa kafur a kayan jariri, kada a sa masa lalle, kada a ba shi maganin da likita bai rubuta ba. A makon farko ki riƙa duba farin idonsa da dasashinsa da rana, ba da fitila ba. Da kin ga ɗorawa-ɗorawa, ko ya ƙi kama nono, kawo shi asibiti a ranar, ko da ba a yi suna ba. Shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan gulukos ba magani ba ne, kuma jinkiri kan taɓa ƙwaƙwalwa da ji. Muna da fitila mai shuɗin haske da ake kwantar da jarirai a ƙarƙashinta, idan kuma abin ya yi tsanani a yi masa canjin jini.